Kalmar "leave" kafin sunan gari tana nufin "bari", ba "tafi" ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana malaman Turanci da ɗalibanmu masu shirin zana WAEC da NECO.

A makarantu da yawa ana fassara wa yara "leave" da "tafi". Nan gizo ke saƙar. Mu a Hausa, sunan garin da ya biyo bayan "tafi" shi ne inda aka nufa: na tafi Gombe. Sai yaro ya ɗauki wannan tsari ya rubuta "I left Gombe", a zatonsa ya ce ya tafi can, alhali abin da ya faɗa shi ne ya baro Gombe. Ya juya tafiyar baki ɗaya, mai jiransa a tasha sai ya sha zama.

Fassarar da ta dace ita ce "bari". Garin da ya zo kai tsaye bayan kalmar shi ne wanda aka bari: "I left Bauchi", na bar Bauchi. In ana son ambaton inda aka dosa, sai a sa "for", ba "to" ba: "I left Bauchi for Gombe". Ita kuwa "from" aikinta nuna inda mota ke tashi, kamar "The bus leaves from Muda Lawal", wato tashar mota a Bauchi.

Abin sha'awa, tun a tsohon Turanci asalin ma'anar kalmar shi ne a ƙyale abu ya zauna inda yake. Shi ya sa take tafiya kafaɗa da kafaɗa da "bari" ɗinmu: "I left my bag at home", na bar jakata a gida, "leave him alone", ƙyale shi.

In ana maganar abin da ya wuce, ba a cewa "leaved". "Left" ake cewa. Amma bayan "did not" kalmar tana komawa yadda take, wato "he did not leave".

Sai furuci. Wasalin "leave" dogo ne, na "live" (zama) gajere, kamar dai garin tuwo da garin Bauchi, wanda kunnen Bahaushe ba ya taɓa ruɗa su. A riƙa kawo wa yara wannan misali a aji. Harafin "v" kuma babu shi a Hausa, don haka wasu ke mayar da shi "f", kalmar ta koma "leaf", ganye ke nan. A ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa, a bar maƙogwaro ya yi rawa.

"Exit" da muke gani a saman ƙofofin bankuna daga Latin ta fito, ma'anarta "yana fita". Ta fi dacewa da fita daga gini ko rufe manhaja a kwamfuta. Ba a cika amfani da ita wajen barin gari ba.

Na gode.

Wani malamin Turanci,
Bauchi.