Malamai, ku dubi babi na biyu da idon basira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da malaman jami'o'i da kwalejoji a kan babi na biyu na kundin kammala karatu, wato bitar ayyukan da suka gabata. Ni ma'aikacin ɗakin karatu ne a wata jami'a, a sashen ajiyar kundaye, don haka kundin ɗalibin likitanci da na noma da na shari'a da na Hausa duk ta hannuna suke bi kafin su hau kanta.

Abin da nake gani yana damuna ƙwarai. Sai ka buɗe babi na biyu ka tarar da shafi talatin na "wane ya ce, wane ma ya ce", babu inda ɗalibi ya tsaya ya nuna cewa waɗannan biyun sun saɓa wa juna, ga kuma wanda hujjarsa ta fi ƙarfi. Daga ƙarshe a rufe da cewa ba a taɓa yin irin wannan bincike a ƙaramar hukuma kaza ba. Sau da yawa kuwa an yi, kundin yana nan bayana a kan kanta, ƙura ta rufe bangonsa, katin aro na cikinsa fari fat. Wasu ma ba su suka rubuta babin ba. A shagunan buga takardu na bakin makaranta ake cire musu shi daga kwamfuta, a canja sunan gari kawai.

Bita ita ce ke gaya wa mai bincike inda na gaba suka tsaya, da ko tambayarsa ta riga ta sami amsa. Likitoci sun koyi wannan da tsada. A 1972 wasu masana biyu a Niyu Zilan, Liggins da Howie, suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa idan naƙuda ta zo wa mace kafin lokaci aka yi mata allurar sitiroyid, huhun bakwainin yana yin ƙwari. Wasu ƙananan gwaje-gwaje suka biyo baya, kowanne a warwatse, yawancinsu ba su isa su gamsar da likitoci su kaɗai ba. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka tattara su wuri guda aka auna, aka ga allurar tana rage mutuwar irin waɗannan jarirai da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Magani ne mai arha, yana nan a asibiti duk tsawon shekarun, jarirai kuma suna ta mutuwa saboda ba a zauna an haɗa abin da aka riga aka sani ba. Ƙungiyar Cochrane da aka kafa a 1993 domin irin wannan tattara bincike, zanen wannan sakamakon ne tambarinta har yau.

Mu dawo gida. Tun tsakiyar shekarun 1960 David Norman, masanin tattalin arzikin noma, da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Samaru suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna rubuta abin da suka shuka da ƙwadagon da suka yi da abin da suka girbe. Suka gano cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda masu boko a lokacin suke ɗauka ci baya ne, yana ba manomi amfani mai yawa daga ɗan filinsa, yana kuma kare shi idan damina ta yi gardama. Yau ɗalibin noma zai rubuta kundi a kan wannan batu, ya cika babinsa da rahotannin Indiya da Barazil da ya tsinto a intanet, bai san an yi aikin a ƙofar gidansu ba.

Akwai kuma wata doka da wasu malamai ke kafawa, wai kada a kawo aikin da ya wuce shekara biyar ko goma. A kimiyyar kwamfuta ko harhaɗa magunguna na fahimci dalili, don abu yana tsufa da wuri. Amma da wane hankali za a ɗora ta a kan ɗalibin harshe ko tarihi? Wanda ke nazarin karin harshen Sakkwato ko na Katsina ba shi da makawa sai ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934. Mai rubutu a kan sarautar Kano dole ya san Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908, ya kuma taka zuwa Gidan Arewa da ma'adanar takardun gwamnati a Kaduna. A nan da tsohuwar zuma ake magani. Kowane fanni da irin bitarsa, malamin da ke duba aiki shi ya kamata ya nuna wa yaro wadda ta dace da nasa.

Yanzu ga wata sabuwar matsala. Ɗalibai suna zuwa teburina da jerin littattafai a waya, mu duba sama da ƙasa, ashe littafin babu shi a duniya, manhajar ChatGPT ce ta ƙirƙiro shi da sunan marubuci da shekara. A 2023 wata kotu a Niyok ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da hukunce-hukuncen da wannan manhaja ta ƙaga. Mu da muka tashi a zauren karatu bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malamanmu ba sa jingina magana ga littafin da ba su gani ba.

Na san halin da malamai ke ciki. Mutum ɗaya da ɗimbin ɗaliban da zai duba, ga koyarwa, ga rashin wuta, ga tsadar data. Shi ya sa roƙona bai da yawa. Kafin a amince wa ɗalibi da taken bincike, ya zo da ayyuka biyar mafiya kusa da batunsa, a hannu ko a waya, ya faɗi da bakinsa abin da kowanne ya gano da inda ya gaza. Minti goma ya isa malami ya gane wanda ya karanta. A kuma turo mana su ɗakin karatu tun farkon zango, mu koya musu neman bayani a shafukan intanet na neman ayyukan bincike irin su Google Scholar da AJOL da PubMed, da rumbunan mujallun bincike na Hinari da AGORA waɗanda aka tanadar wa ƙasashe irin namu.

Ga shugabannin jami'o'i da hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu kuwa, kundayen digiri na biyu da na uku da ke jibge a ɗakunanmu suna buƙatar a ɗauki hotonsu shafi-shafi a ɗora a intanet, ta yadda ɗalibi a Maiduguri zai iya ganin abin da aka rubuta a Sakkwato ba sai ya biya kuɗin mota ba. A fara da na shekarun 1970 da 1980, waɗanda aka buga da tafireta, domin takardunsu sun fara kakkaryewa, wasu kuma gara ta soma shiga.

Wassalam.

Mai karatunku,
Ma'aikacin ɗakin karatu, sashen kundaye