Sansanin Montgomery: Ba Abokan Gaba Ne Suka Rushe Shi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in ba masu karatu labarin wani tsohon sansanin soja da ke bakin tafkin Champlain, a ƙarshen arewacin jihar New York, daf da iyakar Amurka da Kanada. Ni direban babbar mota ne a wannan yanki, kuma duk wanda ya bi gadar da ta haɗa garin Rouses Point da Alburgh na jihar Vermont zai hango shi ta arewa: katangar dutse mai ruwan toka, tsaye a cikin ruwa, itatuwa sun tsiro a kanta. Sunansa Fort Montgomery.

Filin mallakar 'yan kasuwa ne, ba a shiga sai da izini, don haka ta ruwa na je, a kwale-kwalen wani maƙwabcina mai kamun kifi. Sai ka matso kusa za ka gane girman aikin. An sassaƙe duwatsun an jera su daram, tagogin igwa suna jere hawa-hawa, ta cikinsu kana hango ɗakuna masu rufin baka na jan bulo. Wasu bakunan sun tsage, saiwa ta ratsa su. Tsuntsaye sun yi sheƙa inda aka tanada wa igwa, matasa kuma sun cika bangon da rubutun fenti. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin hannun da ya yi wannan gini hannun gwani ne.

Asalin maganar daga yaƙin 1812 ne, tsakanin Amurka da Ingila. Ruwan tafkin yana gangarawa arewa ta kogin Richelieu zuwa Kanada, wadda a lokacin take hannun Ingila, kuma ta wannan hanya rundunar Ingila ta shigo har aka gwabza a Plattsburgh a watan Satumba na 1814. Amurka ta yi nasara, amma ta ƙudura toshe ƙofar. A 1816 aka fara gina sansani a wani tsibiri da ake kira Island Point. Ana cikin aiki sai masu awon ƙasa suka sake auna iyaka, suka gano cewa layin da aka shata tun shekarun 1770 ya karkace, ginin ya shiga ƙasar Kanada da fiye da kilomita ɗaya. Wato sun kashe dukiya suna yi wa abokin gaba gini a gonarsa. Aka watsar da aikin, mutanen gari suka riƙa kwasar duwatsun suna gina gidajensu.

Sai a 1842, da aka ƙulla yarjejeniyar Webster da Ashburton, Ingila ta bar wa Amurka wurin. A 1844 aka aza harsashin sabon sansani, aka sa masa sunan Janar Richard Montgomery wanda aka kashe a harin Quebec a 1775. An yi kusan shekara 30 ana gininsa. Tsayin katangarsa ƙafa 48, an tsara shi ya ɗauki igwa 125 da soja 800, ga gwalalo da ya raba shi da tudu, sai ta gada mai ɗagawa ake shiga. Aikin ya fi zafi lokacin yaƙin basasar Amurka, saboda tsoron kada Ingila ta mara wa 'yan Kudu baya. Tsoron ba na banza ba ne, don a Oktoba 1864 mayaƙan Kudu sun ɓullo daga Kanada sun yi fashi a bankunan St. Albans da ke ƙetaren tafkin.

Amma kafin a gama, zamani ya wuce shi. Tun 1862, a sansanin Fort Pulaski da ke jihar Georgia, sababbin igwogi suka nuna cewa katangar bulo da dutse ba ta da sauran tasiri. Ba a taɓa girke cikakkiyar runduna a Montgomery ba, ba a taɓa harba harsashi ko ɗaya kan maƙiyi daga cikinsa ba. Saje guda ne aka bari yana gadi shekara da shekaru.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. A 1926 gwamnati ta yi gwanjonsa. A 1936 da 1937 aka rushe mafi yawansa, aka farfasa duwatsun aka yi cikon gada da su. Ita kanta gadar ba ta daɗe ba, a 1987 aka buɗe wata a madadinta, wadda nake bi yanzu. An kuma zare ƙarafan da ke riƙe da bangon aka sayar a matsayin gwangwan, shi ya sa abin da ya saura yake ta zubewa. An sa shi a kundin wuraren tarihi na ƙasa a 1977, amma rajista ba ta tare ruwan sama ko ƙanƙara. Har a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, aka taɓa tallarsa a 2006. Ƙasa mai arzikin Amurka ke nan, ba talauci ne ya jawo ba. Kowa ya ɗebi abin da yake buƙata ne a ranar da yake buƙata, ba wanda aka ɗora wa nauyin hanawa.

Ni Bakano ne, kuma da na ga wannan bango sai ganuwarmu ta faɗo mini a rai, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu. Tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007, amma da idona na ga inda aka yanke ta aka yi shaguna, da inda ake haƙar ƙasarta ana yin tubali. Don Allah, Edita, ka tura wakilinka ya zagaya daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Kabuga kafin damina, ya ɗauko hotunan abin da ya rage, ya kuma tambayi hukumar kula da kayan tarihi wane ne ke ba da izinin gini a kanta.

Na gode.

Wani Bakano mazaunin Plattsburgh, Amurka