Harshen uwa muka ji, amma uwar wa?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Allah ya ƙara basira.

Tun watan Nuwamban 2025 da ministan ilimi Dakta Tunji Alausa ya fito ya ce gwamnati ta soke tsarin koyarwa da harshen uwa an koma Turanci zalla, nake bibiyar cece-kucen da ake ta yi a shafinku da rediyo da Facebook, kuma gaskiya raina ya ɓaci kamar na kowa, dan tsarin nan a 2022 aka amince da shi lokacin Malam Adamu Adamu, aka ce daga aji ɗaya zuwa aji shida yaro zai yi karatu da harshensa, kuma mu da muke cikin aji ko littafi ɗaya ba mu gani ba kafin a ce wai tsarin ne ya jawo yara suke faɗuwa jarabawa. Abin da ba a fara ba ta ina ya kada yara? Toh wannan daban. Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shi ne, duk wanda na ji ya buɗe baki a ɓangarenmu, da farfesa da ɗan jarida da mai sharhi, in ya ce harshen uwa to Hausa yake nufi, shikenan, kamar duk matan arewa da Hausa suke yi wa jariri wasa.

Ni malamin firamare ne a Bauchi, shekarata goma sha tara da alli a hannu, kuma Bageri ne ni gaba da baya. Sai dai in kuka ce in yi muku Geranci yanzu, bayan gaisuwa da ƙirge kaɗan sai in tsaya ina sosa ƙeya. Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata, ita da Geranci take mafarki ma ina jin. Tana da wata ƙawa tsohuwa da suke zama a gindin darbejiya bayan la'asar suna ɓarar gyaɗa suna hira da yare, mu yara muna zagaya su muna kwaikwayonsu muna dariya, su kuma su jefe mu da ɓawo. Ranar da ƙawar nan ta rasu Iya ta rasa abokin magana. Babana yana jin yaren tsaf amma da Hausa yake mayar mata, sai ta koma in tana ba awakinta dusa da safe da Geranci take musu faɗa. Lokacin abin dariya ne a wajenmu wallahi. Yanzu in na tuna sai in ji wani iri. 'Yata ta fari kuwa da aka ba ta fom a sakandare wajen da aka ce ƙabila Hausa ta rubuta, ta kawo min in sa hannu, na kalli fom ɗin na kalle ta na sa hannu kawai, dan me zan ce mata, ni me na koya mata?

Kuma fa Gerawa ba wasu baƙi ba ne da suka zo jiya. Malam Yakubu da ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ya kafa garin Bauchi jininmu ne. Sa Abubakar Tafawa Balewa mahaifinsa Bageri ne, amma da aka yi gasar rubuta littattafai ta 1933 a Zariya da Hausa ya rubuta Shaihu Umar, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, wa zai buga masa da Geranci, wa zai karanta? Abin da yake ba ni sha'awa, Baturen nan da ya shirya gasar, Rupert East, shi ne dai ya fassara tarihin Tibi wanda wani ɗan ƙabilar mai suna Akiga Sai ya rubuta da yarensa na Tibi, aka buga da Turanci a 1939. Kun ga Akiga ya samu wanda ya koya masa rubuta yarensa tun yana yaro a hannun 'yan mishan, shi ya sa yau Tibi suke da abin nunawa. A shekarun 1950 ma hukumar buga littattafai ta gwamnatin arewa, wato NORLA, a Zariya ba Hausa kaɗai take bugawa ba, akwai littattafan yaƙi da jahilci da jaridun larduna da Fulatanci da Barbarci da Tibi da Nufanci. Wato kakanninmu da ake cewa ba su waye ba sun fi mu gane cewa arewa ba bakinta ɗaya ba.

Kar wani ya ɗauka ina faɗa da Hausa ne, da ita nake rubuta wannan wasiƙar, da ita na nemi aure, da ita nake tafsirin abin da ke cikin littafin lissafi in yara sun kasa ganewa. Amma gaskiya ɗaya ce, abin da muke kuka Turanci yana yi wa Hausa shi Hausa take yi wa ƙananan yaruka, har ma ta fi Turancin iyawa dan ita har ɗakin uwa take shiga. Ko a kalmomin da muke amfani da su za ka gani, Hausa harshe ce, na saura kuma yare, mutum in ya fito daga can sai a ce ai ɗan ƙabila ne kamar mu ba mu da ƙabila, in ya karya Hausa a ce yana gwaranci, sunan al'umma guda sukutum aka mayar sunan rashin iya magana. Masana harshe sun rubuta cewa Ajanci, yaren Ajawa na nan ƙasar Bauchi, ya ɓace tsakanin 1920 da 1940 saboda masu shi sun koma Hausa, haka Kubi, haka Gamo na wajen Ningi. Ba yaƙi aka yi ba, kasuwa ce da auratayya da makaranta da kunya.

Ita kanta manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 da ake ta ambato, cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a inda yake zaune. Wannan "ko" ɗin ita ta gama da mu, dan a Bauchi da Gombe da kudancin Kaduna da Zuru da rabin Filato harshen da aka fi yi a gari ai an san shi. Ƙasa mai harsuna sama da 500 amma tsarin mulki na 1999 guda uku ya ambata bayan Turanci a harkar majalisa.

Bari in ba ku abin da ya faru a ajina. Aji biyar ne, akwai Jarawa da Sayawa da Fulani da Angasawa da 'yan Tangale biyu, sai na ce kowa ya je gida ya sa kakarsa ko babarsa ta ba shi tatsuniya ɗaya da yarensu, ya zo ya faɗa mana da yaren sannan ya fassara. Washegari mutum huɗu ne suka zo da abu. Wani yaro Bajari shiru-shiru da ko hannu ba ya ɗagawa ya miƙe ya fara, bai kai jimla uku ba aji ya fashe da dariya, har da waɗanda na san a gidansu yaren ake yi, su suka fi kowa ƙyaƙyatawa ma dan kar a gane su. Yaron ya zauna ya kifa kai a benci. Sai da na tsawatar, na ce duk wanda ya iya abin da yaron nan ya iya ya ɗaga hannu, harshe biyu da rabi yana shekara goma sha ɗaya, sannan ya yarda ya ƙarasa, kuma labarin da ya kawo akwai waƙa a tsakiya wadda da ya zo fassarawa ya ce Malam wannan ba ta shiga Hausa. Na so in mayar da abin duk ranar Alhamis amma aka ce min ba ya cikin manhaja, in jira ranar al'adu. Ranar al'adu kuwa kun san ta, a sa yara su ɗaura zani su riƙe ƙwarya su yi rawa a ɗauki hoto, an gama da ƙabilu sai baɗi.

Aikin bincike kam an yi, ba za a ce ba a yi ba. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Amurka tun 1978 ya fitar da littafi a kan yarukan ƙasar Bauchi har da Geranci da Gerumanci da Galambanci da na Kirfi, ya dawo ya rubuta nahawun Miyanci a 1998, sannan shi da Farfesa Alhaji Maina Gimba suka yi aikin yarukan Yobe, Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim da Bade da Duwai, suka fitar da ƙamus-ƙamus aka buga a Potiskum. Bajamushe Jungraithmayr ya yi ƙamus na Tangale, Bafaranshe Bernard Caron ya yi na Sayanci. Amma littafin 1978 ɗin nan a Jamus aka buga shi, da Turancin masana, ni da aka yi shi a kan yaren kakata sai hoton wasu shafuka na taɓa gani a wayar wani abokina da ya yi digiri a fannin harshe. Ɗalibanmu kuma na jami'a da kwalejin ilimi duk shekara sai sun je ƙauye sun tattara karin magana da waƙoƙin aure na ƙabilarsu sun rubuta kundi, a ba su maki, a jibge a laburare ƙura ta ci. Tsakanin wancan kundin da ajina babu hanya.

Akwai kuma wata magana da ba a son faɗa. Yawancin abin da aka rubuta da ƙananan yarukan nan coci ne ta yi, fassarar Baibul da littafin waƙoƙi, kuma sun yi ƙoƙari a yaba musu. Sai mu Musulmin cikin ƙabilun muka ɗauka rubutu da yare harkar mishan ce, muka ja baya, har wasu suna ganin barin yare alamar riƙon addini ne. Alhali Shehu da 'yarsa Nana Asma'u da Fulatanci da Hausa suka yi wa'azi a waƙe dan jama'a su gane.

Toh Malam Edita roƙona ƙarami ne. Kuna da shafin adabi duk mako, ku yanko ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata, a sa tatsuniya ko waƙa ko kirari da yaren asali a gefe ɗaya, fassarar Hausa a ɗaya gefen, a rubuta garin da aka samo. Ku nemi malaman sashen harsuna na Bayero da Maiduguri da Jos su duba rubutun kar a yi kwaɓa. Mu malamai za mu yanka mu manna a bango, dan yaro in ya ga yaren gidansu a jarida da ɗab'i ba zai ƙara kifa kai a benci ba, ko ya rage.

Ni dai na fara nawa. Akwai wani baffan babana da ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi amma bakinsa garau, duk Asabar nake hawa mashin in je in kai masa goro in kunna rikoda ta waya. Yanzu ina da guda ashirin da uku, ciki har da waƙar da mata suke yi in ana daka, wadda ya ce rabon da ya ji ta a bakin mace tun kafin a yi jihar Bauchi a 1976. Matsalata rubutawa, akwai sautukan da na rasa harafin da zan sa musu. In cikin masu karatunku akwai wanda ya san yadda ake rubuta Geranci, dan Allah ya turo saƙo ta hannunku.

Na gode, a huta lafiya.

Naku, wani malamin firamare daga Bauchi.