A daina raina daɓen siminti, gaggawarmu ce ke ɓata shi

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya kuma zafi. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya game da yadda muke daɓen ɗaki a nan Sakkwato, don na ga yanzu in mutum bai sa tayil ba kallon matsiyaci ake mishi, alhali daɓen siminti mai launi in anka yi shi yadda ya kamata ba ya jin kunyar shiga gaban kowane tayil, ga sanyi a ƙafa ga sauƙin shara.

Bara waccan ƙanena zai yi aure, ɗaki da falo ne munka gyara mishi a Mabera, da munka buga lissafin tayil sai munka ga ko kusa aljihu ba zai ɗauka ba, sai magininmu ya ce ai ba komai a yi daɓe a bi shi da jan fenti, kwana biyar an gama. Cikin watan Afrilu fa ake wanga zance, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, an zuba da safe kafin la'asar ya yi fari fat, mu kuma muna ta murna wai ya bushe da wuri. Ba wanda ya ba shi ruwa, dama ruwan ma saye muke wurin 'yan ga-ruwa kowa na tsimin jarka. Ranar ta biyar anka shafa fentin mai, washegari 'yan jere sunka shigo suna jan gado da kujeru a kai. Malam kafin wata biyu fentin nan ya fara tashi kamar ɓawon albasa, amarya in ta yi shara tsintsiya ja, bayan tabarma ja, har gwaggonninta na cewa ango ya yi rowa.

Sai daga baya wani abokina da ke aikin gini a Abuja ya zo ya duba, ya yi dariya ya ce ba laifin fenti ba ne ku kunka kashe daɓen tun ranar farko. Shi siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, ruwan da ke cikinsa ne ke aiki da shi a hankali har ya zama dutse, in rana ko iskar hunturu ta zuƙe ruwan da wuri sai saman ya zama gari, ka murza da yatsa ka ga ƙura. Aƙalla kwana 7 ana jiƙa shi safe da yamma ko a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko leda, kuma sai ya kwana 28 kafin a yi zancen sa mishi launi. Kwana 28! Mu da ke son a yi gini yau a tare gobe.

Abin da ya fi burge ni shi ne bambancin da ya nuna min tsakanin fenti da rini. Fenti zama yake a sama kamar riga, shi ya sa yake ɓarewa. Amma akwai wani ruwan rinin kankare mai asid a ciki, shi shiga yake cikin daɓen ya haɗu da farar ƙasar da ke jikin simintin launin ya fito daga can ciki, ba abin da zai ɓare sai dai in daɓen kanshi ya cinye. Launukansa ba su da yawa, ruwan ƙasa ne da jaja-jaja da wani kore-kore, kuma ba ya fita bai ɗaya, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske kamar jikin dutse, to in kai mai son abu sumul ne wanga ba naka ba ne. Kuma ba ya rufa asiri, duk tsaga ko faci da ke ƙasa sai ya ƙara fito da shi.

Wahalar duk a shiri take. Kwana uku munka yi muna kankare tsohon fentin nan da gurza, sannan wanki da omo da buroshi mai ƙarfi, wurin da anka taɓa ajiye janareta bakin mai ya zuba sai da munka wanke shi ya fi sau huɗu don rini ba ya kama maiƙo. Sai ya yayyafa ruwa a ƙasa ya ce mu duba, inda ruwan ya shige wurin ya yi duhu to zai sha rini, inda ya tsaya ƙwal-ƙwal sai an ƙara gurzawa. Nan ne na gane illar abin da maginanmu ke yi na barbaɗa busasshen siminti a sama su yi ta gogawa da cokali har ya koma kamar madubi, kyau a ido amma sun toshe ƙofofin da launin zai bi. Ya kuma yanko leda kamar faɗin faranti babba ya manne ta a ƙasa da salatif ta kwana, da safe in ka ɗaga ka ga gumi a ƙarƙashi to akwai damshi da ke tasowa, a dakata. Masu gida kusa da fadama ko waɗanda ba a sa musu leda ƙarƙashin jaman fulo ba, wato kankaren da ake fara zubawa a ƙasan ɗaki kafin daɓe, sai su kula da wannan sosai. Wani abu kuma, kada a ce za a wanke daɓen da asid kafin a rina, zai cinye farar ƙasar da rinin ke nema.

Shafawar kanta ba ta kai awa biyu ba, safar hannu da takunkumi, taga a buɗe, mazubi na roba ban da na ƙarfe. Anka bar shi ya yini, sannan anka wanke da ruwan bekin soda don ya kashe asid ɗin, aka yi ta ɗauraya har farin tsumma ya daina ɗaukar launi, bayan ya bushe sarai aka bi shi da man rufewa da suke ce ma sila shafi biyu marasa kauri.

Wanda bai samu wanga rini ba ai ga jan garin nan da ake haɗawa da siminti tun ana daɓen, irin na tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu, a dai gauraya su a bushe tukuna kuma kada ya wuce kilo 5 a buhu mai kilo 50, in ya yi yawa rage ƙarfin daɓen yake.

Ni abin ma tuna min kakata ya yi, Allah ya jiƙanta. Su daɓen ƙasa suke yi, a tara matan unguwa da madaɓi suna bugu suna waƙa, a jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa a yi ta yayyafawa har ƙasa ta yi jan duhu tana sheƙi, kuma ba mai taka ɗakin sai ta ce a taka. Yanzu ga kamfanin siminti a Kalambaina tun shekarun 1960 a bakin ƙofarmu, amma yaron magini na gama koyo bai taɓa jin an ce a jira kwana 28 ba. Ina roƙon shugabannin magina da malaman makarantun koyon sana'a su sa wanga cikin abin da suke koyarwa, mu kuma masu ba da aiki a fara daɓe tun ranar da anka sa rana ba sai ana saura mako ba.

Falon ƙanen nawa dai yanzu ko leda ba su shimfiɗa ba, saura uwar ɗaka, ita amarya ta ce ba mai fitar mata da gado sai bayan suna.

Naku,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato