Cutar da ke kashe 'yan kwikwiyo ba ta kama mutum, amma mutum ne ke yawo da ita

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina neman ɗan fili a wannan jarida domin in yi bayani a kan wata tambaya da ke tasowa a unguwanninmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba da Tafo, duk lokacin da 'yan kwikwiyo suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya da amai da zawon jini. Iyaye suna tambaya ko cutar za ta iya kama yaran da suka ɗauki kwikwiyon suka yi wasa da shi, masu karnukan gadi kuma suna tambaya ko za ta kama babban karensu. Amsar ita ce ba ta kama mutum, amma tana kama babban kare idan ba a yi masa rigakafi ba. Abin da ya sa na ga ya kamata in tsawaita shi ne, tsoron da jama'a ke yi ya tafi inda babu haɗari, ya bar inda haɗarin yake.

Wani zai ce ina ruwan mutumin zango da zancen kare. Ai ruwanmu ne, domin karnuka na kwana a garejojin da 'ya'yanmu ke koyon aiki a Suame Magazine, suna gadin shagunan katako da garken dabbobi da gidajen da ba a gama ginawa ba a bayan gari, kuma malamanmu ba su hana ajiye kare domin kiwo ko noma ko farauta ba. Ban da haka, samari da yawa sun shiga sana'ar kiwon karnukan ƙasashen waje suna sayarwa, kuma karen maƙwabci ba ya neman izini kafin ya shigo lungunmu.

Cutar da nake magana a kanta ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira farbo. Ƙwayar bairus ce da aka fara ganewa a 1978, kuma cikin shekara biyu kacal ta game duniya, saboda a lokacin babu karen da jikinsa ya san ta. Tana shiga ta baki, ta nufi sassan jikin da ke saurin sabuntawa, wato bangon hanji da ɓargo. Idan ta cinye bangon hanji sai kare ya kasa riƙe ruwa da abinci, idan ta taɓa ɓargo kuma sai ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta su ragu, daidai lokacin da ƙazantar cikin hanji ta sami hanyar shiga jini. Yawanci alamu na bayyana kwana 3 zuwa 7 bayan kamuwa. Kwikwiyon da jiya yake bin ƙafar kowa sai a tarar ya kwanta a gindin bango ya ƙi abinci, daga nan sai amai, sai zawo mai jini da wani irin wari wanda duk wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa, idanu su faɗa, fatar wuya idan an ja ta ta ƙi komawa. Ta fi tsanani ga mai sati 6 zuwa wata 6, kuma idan ba a yi magani ba tana iya kashe tara cikin goma.

Dalilin da ya sa ba ta kama mutum kuwa, bairus ba ya shiga jiki sai ya sami ƙofar da ta dace da shi a jikin ƙwayoyin halitta, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kwaɗon da ba nasa ba. Farbon kare ya dace da jikin kare da danginsa na daji irin su dila, kuma ire-irensa na baya-bayan nan suna iya kama kyanwa, amma bai dace da jikin ɗan Adam ba. Fiye da shekara 40 ke nan likitocin dabbobi a duk duniya suna jinyar karnuka masu wannan cuta da hannuwansu, kuma ba ta zama cutar mutane ba.

Inda ruɗani ke shigowa shi ne akwai wani farbo na mutane da ake kira B19, wanda aka gano a tsakiyar shekarun 1970. Shi wannan daga mutum zuwa mutum yake yaɗuwa ta tari da atishawa, yana sa yara zazzaɓi da ƙuraje a kumatu, kuma yana da haɗari ga mai juna biyu da mai ciwon sikila, domin yana dakatar da ɓargo daga yin jan jini na wasu kwanaki. A ƙasa irin Ghana, inda kusan jarirai 2 cikin 100 ake haifa da sikila, kuma a Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995 a asibitin Komfo Anokye, ba abin mamaki ba ne uwa ta firgita idan ta ji wannan suna a bakin likita. To ta kwantar da hankalinta ta wannan fuska: B19 ba daga kare yake zuwa ba, ba ya kama kare, kuma korar kare daga gida ba ta kare yaro daga gare shi. Wannan ba yana nufin kashin kare abin wasa ba ne, domin yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da wasu ƙwayoyi masu sa mutum gudawa, saboda haka wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ya zama dole.

Abin da mutane ba sa lura da shi, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne mu ne ke kai wa karnuka wannan cuta. Ƙwayar tana fita da yawan gaske a cikin kashin kare, tana manne wa takalmi da ƙafar wando da tsintsiya da kwanon abinci da tayar babur. Yaron gareji zai share inda kwikwiyo ya yi zawo, ya saɓa silifas ɗinsa bai wanke ba, da yamma ya leƙa wurin abokinsa da karyarsa ta haihu, ya ɗaga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya yana yaba su, bayan sati guda a ce an yi musu baki ko an sa musu guba. Ƙwayar tana da taurin rai fiye da yadda ake zato, tana yin watanni a ƙasa, a wuri mai inuwa da danshi kuma tana iya kai shekara. Ruwan goge hannu mai barasa da muka saba da shi tun zamanin korona ba ya kashe ta, sabulu ma wanke ta kawai yake yi. Abin da ke kashe ta shi ne bilic, irin wanda matanmu ke sa wa fararen kaya, a zuba kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, a fara kwashe ƙazantar a wanke wurin, sannan a jiƙa shi a bari minti 10. Wannan yana aiki a kan siminti da kwanuka da takalman roba, amma tsakar gida mai turɓaya ba ta wankuwa, don haka gidan da kwikwiyo ya mutu da wannan cuta bai kamata a kawo wani kwikwiyon da bai kammala rigakafi ba sai bayan watanni masu yawa.

A nan ne nake ganin ɗabi'armu ta jefa gawar kwikwiyo a kwata ko a bola ta zama laifi ga unguwa gaba ɗaya. Mai jefawar yana ganin ya raba iyalinsa da cuta, alhali cutar ba ta taɓa yi wa iyalinsa barazana ba. Abin da ya yi shi ne ya ajiye ta inda karnukan titi ke kiwo, kuma idan ruwan damina ya sauko kwatoci suka cika suka malala zuwa rafin Aboabo, ta bi lunguna ta shiga gidajen da ba su san hawa ba balle sauka. Gawar a haƙa rami mai zurfi a binne ta tare da tsummokaran da ta kwanta a kai.

Game da manyan karnuka, gaskiya ne ba su cika mutuwa da ita ba, kuma wannan ne ya sa ake cewa cutar 'yan kwikwiyo ce kawai. Yawancin manyan da muke gani sun tsira ne saboda an yi musu allura, ko kuma sun kamu tun suna ƙanana sun warke, jikinsu ya san ta. Amma babban karen da ba a taɓa yi masa allura ba, ko ya tsufa, ko wata cuta ta raunana shi, yana kamuwa kuma yana iya mutuwa. Wani kuma ya kamu ba a gane ba, ya yi kwana biyu bai ci sosai ba ya miƙe, alhali yana zubar da ƙwayar a kashinsa har kusan sati biyu. Ko wanda zai kwanta ma yana fara zubar da ita kafin alamu su fito. Sannan nau'o'in waje irin su Rotwaila da Dobaman da karen Jamus da 'yan sanda ke amfani da shi sun fi saurin galabaita da ita, su ne kuma samarinmu ke zuba dubban sidi, kuɗin Ghana, a kansu.

Rigakafin ba allura ɗaya ba ce. Ana farawa a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har kwikwiyo ya kai sati 16, a ƙara wata kafin ya wuce shekara ɗaya, daga nan sai bayan shekara uku-uku ko yadda likita ya tsara. Dalilin maimaitawar shi ne garkuwar da kwikwiyo ya sha a nonon farko na uwarsa tana hana allurar farko kamawa, sannan ta ƙare a lokacin da babu wanda ya san shi daidai, ta bar shi a fili. Saboda haka wanda mai sayarwa ya ce masa “an yi masa allura” ya nemi katin ya ga sau nawa aka yi da kuma wanda ya yi, domin allurar da ba a ajiye cikin sanyi ba, a garin da wuta ke ɗaukewa, ruwa ce kawai. Idan kuma cutar ta riga ta kama, kafson ja da rawaya da ake ɗura wa kare ba ya kashe bairus, maganin ciwon jiki na mutane kuma ƙara ɓata masa ciki da ƙoda yake yi. Abin da ke ceto shi ne ƙarin ruwa ta jijiya da maganin tsayar da amai a hannun likitan dabbobi, kuma mafi yawan waɗanda aka kai da wuri suna tashi.

Cutar kare da ta cancanci tsoronmu ita ce ciwon haukan kare, kuma ita ce muke wa riƙon sakainar kashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga kare suke samunta. Tana shiga ta cizo ko yakushi ko miyau a kan rauni, tana iya yin wata biyu ko uku shiru, amma da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tsira. Ita ba ta bambance babban kare da ƙarami, kwikwiyo ma yana ɗauke da ita. Duk da haka, uwar da za ta hana ɗanta kusantar kwikwiyo mai zawo ita ce za ta shafa masa toka ko man zafi idan lafiyayyen kare ya yakushe shi, ta ce ai bai yi jini sosai ba. Abin yi shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai yaron asibiti a ranar domin a fara masa allura, karen kuma kada a kashe shi a jefar, a tsare shi a sanar da ma'aikatan dabbobi su sa masa ido na kwana 10.

Roƙona ga Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona, da makarantar likitocin dabbobi ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke Kumasi, shi ne idan za a fito yi wa karnuka allurar hauka a ranar 28 ga Satumba, wato ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, a shigo cikin zango, a zo da mai jin Hausa, kuma a gaya wa mai kare ƙarara cewa allurar hauka ba ta hana farbo, domin da yawa suna komawa gida suna ganin sun gama da komai. Masu shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyonmu su gayyaci likitan dabbobi ya amsa tambayoyin masu sauraro, sarakunan zango da wakilan unguwanni kuma su ware wurin da za a riƙa binne dabbar da ta mutu, tunda yawancin gidajen haya ba su da filin da za a haƙa rami.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku,
daga Aboabo, Kumasi.