Rediyon Baba ta tuna mini da kai

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma zafin Jidda da sauƙi. Mu nan Jos hunturu ya kankama, sallar asuba ma sai da rigar sanyi.

Jiya ina gyara ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, na ci karo da tsohuwar rediyonsa mai jakar fata, wadda muke ɗaure murfin batirinta da roba. Na zuba mata batir huɗu, na murɗa, sai ga Peace FM ta fito tas a kan 90.5. Wallahi kai ka fara faɗo mini a rai.

Ka tuna zamanmu na Gangare? Da safe Baba na kan gajeren zango yana sauraron Rediyon Kaduna, ba mai taɓa masa. Da zarar ya tafi kasuwar Terminus, tun kafin gobarar 2002, sai mu karkata ta zuwa gidan rediyon jihar Filato, PRTV na Rayfield. A wuni ɗaya za ka ji mawaƙan Amurka Don Williams da Jim Reeves, waɗanda mutanen Jos suka riƙe kamar 'yan gida, can a sako reggae, can waƙoƙin Birom da na Angas, sannan kuntigin Ɗan Maraya ya shigo. Tsirkiya ɗaya tak, amma idan ya fara, mai shayin bakin layinmu har dakatawa yake da fifita wuta. Gaisuwa kuwa sai ka sayi kati, ka cika shi da sunayen 'yan'uwa, ka yi mako kana kasa kunne.

Tun da dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu abin ya fara sauyawa, ko da yake ya jima kafin ya iso mana. Yanzu FM ta cika maƙil: ga Highland ta gwamnatin tarayya, ga Rhythm, ga Unity, ga Jay FM. Faifai da kaset sun bar wa kwamfuta wuri, katin gaisuwa ya koma kiran waya. Duk inda ka murɗa, Afrobeats ne da hip-hop, a filayen Hausa kuma waƙoƙin fim na fiyano. Ni ba na ƙin su. M.I da Ice Prince da P-Square ai a garin nan suka tashi, kuma raina na yin fari idan na ji an sako su.

Abin da ke damuna ɗaya ne. Tun rasuwar Ɗan Maraya a watan Yunin 2015, sai in yi watanni ban ci karo da kuntigi a rediyo ba. Daren jiya na kunna wa autata waƙarsa a waya, ta saurara da kyau, sannan ta ce, "Baba, wannan wace irin jita ce?" Na rasa bakin magana, yarinyar da aka haifa tafiyar minti ashirin daga Bukur, mahaifarsa.

Don haka ga roƙona. Kaset-kaset ɗin nan da kake naɗa daga rediyo suna nan cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Hajiya a Unguwar Rogo. Don Allah ka yi mata waya ta ba ni su in kai a juye a kwamfuta, kafin danshin damina ya cinye zaren. In an gama zan turo maka naka ta WhatsApp.

Hajiya tana lafiya, na je gaishe ta ranar Juma'a. A gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini, daga Jos