Wasiƙun Elgar sun nuna inda gizo ya yi saƙa a 1900

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai albarka mu gyara wata magana da ake yawan yi game da Edward Elgar, mai tsara kiɗa ɗan Ingila (1857 zuwa 1934), wanda ya zama farfesan kiɗa na farko a Jami'ar Birmingham. Ana cewa babban aikinsa The Dream of Gerontius, doguwar waƙar mawaƙa da makaɗa a kan mutuwar wani mutum da tafiyar ruhinsa zuwa gaban Ubangiji, ya faɗi ranar fitowarsa ne don ya fi ƙarfin kunnen jama'a. Duk wanda ya bi wasiƙun da suka gudana tsakaninsa da August Jaeger, ma'aikacin kamfanin ɗab'i na Novello, ya san cewa shiri ne ya gaza.

Irin wannan aiki hawa-hawa ake yinsa. Da fari a rubuta muryoyin mawaƙa tare da rakiyar fiyano, a buga, a raba wa 'yan amshi su yi watanni suna bita. Sannan mai tsarawa ya rubuta cikakken kundi mai nuna abin da kowane kayan kiɗa zai yi. Daga kundin ake fitar wa kowane makaɗi da takardarsa, ta mai goge daban, ta mai busa daban, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana gyaran kurakurai. Hawa ɗaya ya makara, duk na bayansa sun makara.

Elgar ya gama na mawaƙa ranar 6 ga Yuni 1900, cikakken kundi kuwa sai 3 ga Agusta, alhali an tsayar da 3 ga Oktoba a matsayin ranar gabatar da aikin. Ana cikin haka Swinnerton Heap, mai horar da 'yan amshi, ya rasu a watan Yuni. Aka dawo da W. C. Stockley, dattijon da ya riga ya ajiye aiki, aka damƙa masa waƙar da a wasu wurare 'yan amshi ke rabuwa gida biyu, ga ƙaramin rukuni a gefe. Jagoran makaɗa, Hans Richter, bai riƙe cikakken kundi ba sai ana gobe za a fara bitar makaɗa. Ran taro a zauren birnin Birmingham, murya ta riƙa zamewa ƙasa a wuraren da ba rakiyar kiɗa, domin 'yan amshin da ba su haddace tazarar sauti ba, da zarar makaɗa sun yi shiru ba su da madogara. Elgar ya rubuta wa Jaeger wasiƙa mai ɗaci, yana cewa shekara arba'in yana aiki tuƙuru amma an hana shi jin aikinsa yadda ya kamata.

Abin da ya fi burge mu a wasiƙun nan shi ne gardamar da suka yi kafin taron. Jaeger ya gaya masa gar da gar cewa ya kauce wa ƙololuwar aikin, wato lokacin da ruhin mamacin ke isa gaban Ubangiji. Elgar ya tubure, Jaeger ya nace, a ƙarshe Elgar ya sake rubuta wurin, inda duk kayan kiɗa ke tashi da iyakar ƙarfinsu na ƙiftawar ido. A ganinmu babu wurin da ya kai shi ratsa jiki, kuma da bakin ma'aikacin madaba'a aka same shi.

Aikin bai sauya ba da jagoran makaɗa Julius Buths ya gabatar da shi a Düsseldorf ta Jamus a Disamba 1901, da kuma Mayu 1902. An dai shirya sosai, aka yi nasara, har shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, Richard Strauss, ya yabe shi a bainar jama'a.

Farfesancin Elgar a Birmingham gajere ne. Wani attajiri, Richard Peyton, ya ba jami'ar fam 10,000 da sharaɗin Elgar ne zai fara hawa kujerar. Laccarsa ta farko a Maris 1905 ta soki kiɗan Ingila, ta ɓata wa manyan abokan sana'a rai, ya sauka a 1908, Granville Bantock ya gaje shi. Jaeger ya rasu a 1909 da tarin fuka.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu koyar da kiɗa